Ƙarar da Ta Gagari Mai Kunne

A layin masu gyaran babura, tsakanin mai faci da mai sayar da baƙin mai, akwai wata rumfar kwano da iska ta karkatar shekarun baya, har yau ba wanda ya miƙar da ita. Nan ne wurin aikin Mai Kunne. Ba sunan yanka ba ne, amma ya cinye na yankan, har abokan yarintarsa sai sun yi tunani kafin su tuno shi. Ya samo sunan ne don ba ya tambayar mai babur abin da ke damun babur. Kana karyo kwanar layin, shi yana tsugune yana wanke kabureta a gwangwanin fetur, ko ɗago kai ba zai yi ba zai ce, "Wancan mai zuwa sarƙarsa ta saki, kuma rabonsa da juyen baƙin mai tun kafin damina." Ka iso a duba, haka ɗin ne.

Shekara arba'in da 'yan kai yana wannan aiki. Ya fara da wanke noti a garejin wani, ya ƙare da rumfar kansa. Bai yi arziki ba, bai kuma taɓa kwana da yunwa ba. Gajere ne mai kaurin hannu, baƙin mai ya zauna masa a ƙarƙashin farce har sabulu ya haƙura. Halinsa ɗaya ne ke ba mutane wahala: bai yarda akwai wani kunne a duniya bayan nasa ba. In wani bakanike ya ce fulogi ne, shi sai ya ce bawul ne, kuma abin haushin, sau tara cikin goma shi ke da gaskiya. Ba ya shiga motar haya, don ba a yin tafiyar minti goma bai leƙa ya gaya wa direba injinsa na kuka ba, direba kuwa ba ya son a yi masa fatan tsiya da fasinja a ciki. Sau biyu ana sauke shi a hanya. Tun daga nan ya ce shi da abin hawan da bai taɓa cikinsa da hannunsa ba, haihata-haihata.

Abin hawansa wani jan babur ne da ya girmi wasu 'ya'yansa, yana kiransa Tsohuwa. Fentin ya koɗe, madubi ɗaya ba ɗan asali ba ne, amma bugu ɗaya take tashi, ko da ruwa ko da sanyi.

To, kunnen nan da ake yabo a layi, a bakin ƙofar gida yake ajiye shi. Matarsa, wadda kowa ke kira Maman Auta, tela ce, kekenta na cikin ɗan ɗakin da ke kusa da madafi, kullum hannunta na kan aiki, da siraran awarwaro biyu na azurfa da ta gada wurin mahaifiyarta, ba ta cire su ko za ta yi wanki. Sai ta yi masa magana sau uku kafin ya ce "Na'am?" Ta sha ce masa, "Malam, da ni babur ce da tuni ka san abin da ke damuna." Shi kuma ya yi dariya ya ce ai ita ba ta taɓa lalacewa ba, shi ya sa.

'Ya'yansu biyar, huɗu maza, ba wanda ya ɗauki sifana a cikinsu. Ta biyar ɗin ita ce Auta, mace tilo, wadda ta yi wayo a kan tankin Tsohuwa, hannuwanta riƙe da madubi. Ta auri wani malamin lissafi da ya samu aikin koyarwa a wata ƙasa ta gaba da tasu, ya tafi da ita. Shekara uku ke nan uban bai sa ta a ido ba.

Ranar wata Lahadi da rana surukin ya bugo waya. Maƙoƙon da ya fito wa Auta a wuya ya girma har yana danne mata numfashi in ta kwanta, likita ya ce aiki za a yi, an sa ranar Alhamis ƙarfe tara na safe. Ya ce aikin ba wani mai haɗari ba ne sosai, amma ita ta tsorata, kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. Sai ya miƙa mata wayar.

"Baba," ta ce, muryar a shaƙe. "Wuya fa za su yanka. Ni dai in ga wani na gida kafin su sa ni barci."

"Za ki gan ni," ya ce. "Kafin su taɓa ki ina tsaye a kanki, in sha Allahu."

Ya ajiye waya kafin ya tuna bai san hanya ba. Motar da ke zuwa can sau ɗaya take tashi a mako, kuma ta tashi jiya. Maman Auta kuwa gwiwarta ba ta yarda da doguwar tafiya ba, ga shi ba ta da takardar tsallaka iyaka. 'Ya'yan maza kowa yana wani gari. Direbobin manyan motoci suka ce masa kwana uku ne a babur in mutum bai yi wasa ba. Ya lissafa da yatsu: Litinin, Talata, Laraba da la'asar yana can. Har da rarar dare guda.

Da yamma Maman Auta ta jera kaya a tsakar gida: zannuwa, bargo, kwanon sha, ƙullin wannan da ƙullin wancan. Ya tsaya ya dube su kamar an zage shi.

"Maman Auta, babur fa ba jaki ba ne. Jakar kayan aiki, galan ɗin mai, tiyub biyu, riga biyu. Shi ke nan."

Ta kwashe ba ta yi musu ba. Can ta dawo da wani ɗan gwangwanin man shafawa da bai kai tafin hannu ba.

"To ko wannan kaɗai, Malam. Ka ba ta a hannunta."

Yana ɗaure galan, bai juyo ba. "Ko allura ba zan ƙara ba. Daga wannan sai wancan, na san ku."

Ta koma ciki da gwangwanin. Daga baya ta ce ya ciro mata kujerar babur ɗin ta ƙara mata soso ta gyara rigarta, tunda kwana uku zai yi a zaune. Wannan kam ya yarda, don magana ce ta hankali.

Da asubar Litinin ya sauko da hular kwano daga ƙusar da ta shekara biyar a kai, ya karkaɗe gidan gizo-gizo, ya kifa. Ta rako shi bakin ƙofa, ta yi masa addu'a, ta ɗaga masa hannu. Yana ba da wuta ya ji kamar akwai abin da ya yi shiru a gidan, ya rasa mene ne. Ya ce a ransa fargabar tafiya ce.

Ranar farko ba ta da labari sai a iyaka. Ya isa da azahar, aka miƙo masa takarda mai layi-layi cikin harshen da bai san ko harafinsa na farko ba. Wani direban tirela ya tausaya masa ya cike. Jami'in ya ce sai ya ga lambar inji, ita kuwa daskararren mai na shekara ashirin ya binne ta, ya tsuguna ya kankare da sukudireba. An kusa buga masa hatimi sai hali ya motsa. Ya nuna janareton ofis ɗin, ya ce da direban ya gaya wa jami'in ba zai kai ƙarshen wata ba. Direban ya ce, "Baba, rufa mana asiri," amma jami'in ya riga ya ga yatsan. Aka nuna masa benci. Sai da rana ta yi sanyi aka sallame shi, ya kwana a garin farko bayan iyaka yana yi wa bakinsa faɗa.

Talata ce ta koya masa cewa baƙo ko da ido makaho ne. Wayarsa ta mutu da ranta, ga caji a cike amma ba layi. Allunan hanya na ta magana, shi ba ya jin ko ɗaya. A kowace mararraba sai ya tsaya ya ciro takardar da aka rubuta masa sunan birnin da asibitin, ya nuna, mutum uku su nuna masa hanya biyu. Fetur ɗinsu launinsa daban, sai da ya shinshina ya murza a yatsa kafin ya yarda a zuba wa Tsohuwa. Manyan motoci ba su san darajar furfura ba, in sun zo wucewa iskarsu ta hankaɗa shi gefen kwalta. A shingen farko aka karɓi takardunsa aka juya gaba da baya, a na biyu aka kwance masa jaka, a na uku wani ya ɗaga sifana ɗaya bayan ɗaya yana kallo kamar bai taɓa gani ba. Da hantsi ruwa ya tsuge, ya jiƙe har ƙashi, rana ta fito ta busar da shi a kan babur. Kafin azahar ƙugunsa ya riƙe, yatsunsa sun yi sanyi ba ya jin totur. Duk wannan bai dame shi ba, don Tsohuwa na tafiya sumul, kuma muddin inji na lafiya shi ma lafiyarsa lau.

Bayan la'asar ya iske ana gyaran wata gada, an karkatar da motoci zuwa hanyar ƙasa mai gargada. Bai yi nisa a kanta ba ya ji shi.

Kis-kis. Kis-kis-kis.

Siririyar ƙara ce ta ƙarfe, daga can ƙarƙashinsa. Ya rage wuta, ta ragu. Ya tsaya, ta ɗauke. Ya bar inji na aiki a tsaye, ya kara kunne, ya murza totur, ba komai. Ya hau, ya yi taku goma, ta dawo. Ya duba sarƙa, ya ɗaure notin salansa, ya girgiza madubi da fitila da galan. Ya sake hawa. Kis-kis.

Shekara arba'in bai taɓa jin ƙarar da ya kasa ba ta suna ba. Ya ce bawul ne, ya ce a'a, bawul ba ya shiru a tsaye. Ya ce ƙaramar sarƙar cikin inji ce ta fara ci. In kuwa ita ce, ta tsinke a dajin da ba ya jin harshen kowa, to shi da Alhamis sai a mafarki. Ya lallaɓa a giya ta biyu har wani ƙaramin gari, ya samu ɗaki a masaukin direbobi, ya kwanta da ƙarar a kansa.

Da safiyar Laraba saura masa tafiyar awa shida. Da ya hau ya tafi, da la'asar yana zaune a gefen 'yarsa. Amma shi mai cewa rigakafi ya fi magani ne, kuma bai iya hawa kan ƙarar da bai sani ba. Ya tura Tsohuwa zuwa garejin garin, wata rumfa kamar tasa sak, har da karkacewar. A dama mai walda na ta dukan ƙarfe, a hagu wata dattijuwa ta jera fetur a kwalabe a kan tebur.

Mai garejin, wani dogo mai sanƙo, ya gane ɗan'uwan sana'a tun daga farce. Mai Kunne ya nuna inji, ya yi "kis-kis" da baki. Dogon ya ta da babur, ya dafa sukudireba a jikin inji ya kara ƙotar a kunne, ya saurara nan, ya saurara can. Ya miƙe ya ɗaga babban yatsa, ya nuna hanya, alamar lafiya lau, hau ka tafi. Ya kama kan babur zai hau ya gwada, Mai Kunne ya riƙe. Wanzami ba ya son jarfa. Ya ce a ransa, wannan da ya buɗe ido ya gan ni da sifana shi zai gaya mini lafiyar Tsohuwa? Ya nuna ƙirjinsa, ya nuna wani fili a gefen rumfar. Dogon ya ɗaga kafaɗa ya ba shi wuri.

Mai Kunne ya cire kujera ya ajiye a ƙasa, ya zauna a kanta don sosonta ya fi dutse daɗi. Ya sauke tanki, ya shimfiɗa tsumma, ya shiga kwance inji, mai walda na ta ƙwanƙwasa a kunnensa. Bawul lafiya. Ƙaramar sarƙa lafiya, ko alamar ci babu. Maimakon ya ji daɗi sai ya ƙara tsorata, ya ce to abin ya fi nan zurfi. Ya ci gaba har ya fito da fistin, ya juya shi a rana, yana sheƙi kamar jiya aka sa.

Garin gyaran gira aka fara rasa ido. Wajen ɗaga kan inji gaskit ya yage, kuma irin wannan babur ba a hawansa a ƙasar, dogon ya zazzage akwatinsa kaf bai samu ba. Sai da suka nemo kwali mai kauri, Mai Kunne ya ɗora ya bi da ƙaramar guduma yana fitar da zanen, ya yanka da reza. Wannan ya ci awa guda. Sannan wajen mayar da fistin, ɗan siririn zoben ƙarfen da ke riƙe shi ya kuɓuce daga bakin filaya, ya yi tsalle ya faɗa yashi. Abu ne da bai kai farcen ɗan yatsa ba, amma in babu shi babu tafiya. Mai walda ya ajiye guduma, dogon ya tuɓe riga, mai fetur ta aiko musu da rariya. Manyan mutane uku suka durƙusa suna tankaɗe ƙasar gareji har bayan azahar.

Ana cikin haka ya roƙi wayar dogon ya kira surukinsa.

"Baba, kana ina? Tun safe idonta na kan ƙofa."

"Na kusa," ya ce. "Ka ce mata na kusa."

Gida kam bai kira ba, don bai san da bakin da zai gaya wa Maman Auta cewa ga Tsohuwa nan a baje a kan tsumma ba.

Mai walda ne ya tsinci zoben a cikin rariya. Ana kiran la'asar aka ɗaure noti na ƙarshe. Ya mayar da tanki, ya mayar da kujera, ya buga, ta tashi bugu ɗaya. Ya hau ya bi titin gaban garejin, wanda shi ma duk ramuka ne.

Kis-kis. Kis-kis-kis.

Ya je ƙarshen titi ya dawo, kansa a sunkuye gefe guda wajen inji. Ya sake zuwa ya dawo. A karo na uku ya tsaya a gaban teburin kwalabe, ya kashe, ya kifa goshinsa a kan babur. Ranar ta tafi a banza, ƙarar na nan, bai san ko za ta kai shi ba, kuma ya yi wa yarinya alkawari. Tun rasuwar mahaifiyarsa bai ji ƙwalla ta zo masa kusa haka ba.

Sai ya ji an taɓa masa kafaɗa. Mai fetur ce. Tun ɗazu take kallonsa yana kai da kawowa. Ta yi wata magana, ya girgiza kai. Ta nuna ƙarƙashinsa, ya ɗauka tanki take nufi, ya yi mata alamar a cike yake, ta ƙyale shi da abin da ya dame shi. Ta yi tsaki irin na kowace ƙasa, ta ɗaga hannunta na hagu daidai kunnensa, ta kaɗa. 'Yan awarwaron hannunta suka yi ƙara. Ta kore shi daga kan babur da bayan hannu kamar mai korar kaza, ta daka wa kujerar tafi.

Kis.

Ta zura hannu ƙarƙashin rigar kujerar ta baya, ta lalubo wani aljihu da aka ɗinke bakinsa da ƙananan ɗinki masu kyau. Ta karɓi reza wurin dogon ta farke. Ɗan gwangwanin man shafawa ya faɗo tafin hannunta. Ta buɗe. Awarwaro biyu ne na azurfa, sirara, da ɗan hankicin da aka naɗe su a ciki, gargadar hanya ta warware shi ya koma gefe.

Mai Kunne ya tsaya yana kallonsu. Dogon ya dubi inji, ya dubi kujerar da mutumin ya wuni a kanta, ya dubi kwalin da aka yanka, sai dariya ta kayar da shi a kan tsohuwar taya. Mai walda ya riƙe ciki. Mai fetur ta ja kunnenta, ta nuna shi, ta kaɗa kai.

Shi kuwa wata irin ajiyar zuciya ya yi da ya ji ta har tafin ƙafa. Tsohuwa lafiyarta ƙalau, ashe tun farko lafiyarta ƙalau. Bayan sauƙin sai kunya ta biyo, mai zafi. Yanzu ya gane abin da ya yi shiru a ƙofar gida da asubar Litinin: hannu ta ɗaga masa, hannun kuwa ba komai a jikinsa. Ya tuna shekarar da Auta ta yi ƙyanda, ba ta barci sai uwar na bubbuga bayanta, awarwaron na kaɗawa a hankali, in ta tsaya yarinyar ta farka. Matar da gwiwa ta hana tafiya ta cire abin da ba ta taɓa cirewa ba don ya je a madadinta, shi kuma ya ce ko allura ba zai ƙara ba. Shekara talatin da biyar wannan ƙara na kewaya shi safe da yamma, ya zo ƙasar mutane ya kwance inji yana nemanta. Ya yi dariya tare da su, yana share ido da bayan hannu, ya bar baƙin mai a kumatu.

Ya kama hannun dogon da hannu biyu, ya ɗaga masa babban yatsa, wanda a wurin Mai Kunne ya fi ban haƙuri. Ya rusuna wa mai fetur har ƙasa. Awarwaron ba sa shiga hannunsa, sai ya zuba su a aljihun gaba ya maɓalle. Ya yi tafiyar awa biyu da rabi har rana ta faɗi, ya tsaya don idonsa ba ya ganin ramin baƙuwar hanya a duhu. Ana sallame sallar asuba ya hau. Duk ramin da ya faɗa sai ya ji kis-kis a ƙirjinsa, ya ce, "Na ji, Maman Auta, ina sauri."

Birnin ya kusa ƙarasa shi. Tituna masu hannu ɗaya, fitilun da ba sa jiran baƙo, ya zagaya wani shataletale sau uku. Daga ƙarshe ya nuna wa wani mai babur takardarsa, mutumin ya yi masa alamar ya biyo shi. Ƙarfe tara saura minti goma ya jingine Tsohuwa a ƙofar asibiti, ko makulli bai cire ba. Surukinsa na tsaye a bakin matakala yana duba agogo.

"Baba! Sun fito da ita, yi sauri."

Dattijon da ya kwana uku a zaune ya hau bene biyu da gudu, hular kwano a kai. A can ƙarshen dogon baranda nas biyu na tura gado, an rufa wa Auta kai da 'yar hula, fuskarta na kallon rufi. Bai da numfashin kiran sunanta. Gudu kawai yake, aljihunsa na kaɗawa.

Ta juyo da kai tun bai iso ba.

"Mama?" ta ce. "Mama ce ta zo?"

Ya dafa ƙarfen gadon yana haki. Ya ciro awarwaron ya sa mata a tafin hannu.

"Ɗan aikenta ne," ya ce. "Ga ni, Auta. Na ce miki za ki gan ni."

Ta damƙe su, ta dube shi, baƙin mai a kumatu, laka har gwiwa, ta yi dariya da hawaye tare. Nas ta yi magana, surukin ya fassara: ba a shiga da ƙarfe. Auta ta mayar masa. "Riƙe mini, Baba. Kada ka yi nisa." Ƙofa ta rufe, kuma ya ga da idonsa ba a tsorace ta shiga ba.

Awa biyu da 'yan mintuna ya yi a kan benci. Da likita ya fito, bai jira fassara ba, fuskar mutumin ta gaya masa. Ya zame daga benci ya kai goshinsa ƙasa. Da aka dawo da ita ɗaki, wuya a naɗe, tana mutsu-mutsun farkawa, ya zura awarwaron a yatsunsa huɗu, ya shiga bubbuga kafaɗarta a hankali. Bai iya ba da farko, yana yi kamar mai gyaran lanƙwasasshen ƙarfe, amma ya saurara ya gyara hannu har ta lafa.

Da yamma surukin ya haɗa shi da gida. Ya ba da labarin aikin, ta yi ta hamdala. Sannan ya ba da ɗayan labarin, bai rage komai ba, har rariya. Ya jira faɗa. Sai ya ji tana dariya har da tari.

"Malam, inji ka kwance? Gaba ɗaya?"

"Har fistin."

"To alhamdu lillahi," ta ce. "Ko ba komai ka ji ni sau ɗaya."

Mako biyu ya yi a can. Ranar da zai taho, Auta da muryarta da ta fara washewa ta naɗe awarwaron a hankici ta ce ya mayar wa mai su, gidan ba zai yi daɗi shiru ba. A hanya ya tsaya a ƙaramin garin nan, ya cika tanki wurin mai fetur ko da bai buƙata, ya bar dogon ya hau Tsohuwa ya zagaya da ita, abin da ko 'ya'yansa ba su taɓa samu ba.

Yana nan a rumfarsa har yanzu, kuma har yanzu shi ke da gaskiya sau tara cikin goma, sai dai ya daina rantsuwa a kan na goman. Wani lokaci da rana Maman Auta kan lallaɓo da gwiwarta ta kawo masa abinci da kanta. Layin na cike da ƙarar injuna da guduma, amma tun ba ta karyo kwana ba, yana tsugune a kan kabureta, ba tare da ya ɗago kai ba zai ce wa mai faci, "Matsar da bencin nan inuwa. Ga Maman Auta nan tafe."